Daga Ƙashi Zuwa Danƙo: Tarihin Mashin Kamun Kifi da Darasinsa ga Sabon Shiga

In kana cikin masu kallon bidiyo a waya, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da shi ba: mutum ya nutse cikin ruwa garai-garai, riƙe da doguwar sanda mai roba a gindi, ya ja ya saki, sai ga kifi a tsire. Duk wanda ya tashi a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, ya taɓa yanko tsohon tib a wurin mai faci ya ɗaura a gwafa, yana gani zai ce ai wannan danƙo ne aka shiga da shi ruwa. Kuma bai yi kuskure ba. Daga nan sai sha'awa ta motsa, a fara tambayar wane iri za a saya, kuma nawa ne.

To, mai karatu, kafin ka taɓa aljihu, zo mu bi tarihin makamin. Kowane sashe na mashin zamani amsa ce ga wata tsohuwar matsala da ruwa ya ɗora wa masunta, kuma matsalolin huɗu ne. Biyu daga ciki mutanen yankinmu sun magance su tun kafin robar ta zo duniya. In ka san su, kai da kanka za ka gane abin da ya dace da ruwan da ke kusa da kai.

Matsala ta farko: kifi yana zamewa

Jikin kifi santsi gare shi, kuma da ka soke shi zai yi fizga. Tsinin da ya shiga salin-alin haka zai fita salin-alin. Maganin da aka samo shi ne kunne, wato ƙananan haƙoran da ke kallon baya, irin na kibiya, waɗanda ke shiga cikin sauƙi amma su ƙi fita.

Wannan dabara ta tsufa ƙwarai. A Katanda, bakin kogin Semliki a ƙasar Kwango, masu binciken kayan tarihi sun tono kawunan masu na ƙashi masu kunnuwa, tare da ƙasusuwan manyan tarwaɗa. An ƙiyasta shekarunsu sun kai kimanin 90,000, suna cikin mafi daɗewa da aka sani a duniya.

Matso kusa da gida. A shekarar 2000, tawagar Paul Sereno ta shiga hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar tana neman ƙasusuwan dabbobin zamanin da, sai ta ci karo da tsohuwar maƙabarta a wani wuri da ake kira Gobero. Yau rairayi ne iya ganinka, amma shekara 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce tafki ne. An samu masu na ƙashi a wurin, da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina.

A nan Najeriya kuma, cikin 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna da ke jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Da aka tono shi gaba ɗaya a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, mai kimanin shekara 8,000, wanda ba a san wanda ya girme shi ba a Afirka. A Daima ta ƙasar Borno ma, Graham Connah ya tono masun ƙashi masu kunnuwa a tsakiyar shekarun 1960, a ƙasan wani tudu da mutane suka fara zama a kansa fiye da shekara 2,000 baya. Yankin laka ne zalla, dutse sai an ɗauko daga nesa, shi ya sa ƙashi ya zama abin sassaƙa makami. Ka ga ke nan su da mashi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa.

Matsala ta biyu: abin da ka soka ya fi ƙarfinka

Kunne ya riƙe kifi, madalla. Amma in giwan ruwa ne mai nauyin mutum fa? Kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne. Irin wannan in ya yi fizga ɗaya, ko dai ƙota ta karye, ko naman ya yage, ko kuma ya jawo ka cikin ruwa.

Amsar masuntan kogin Kwara ita ce su daina kokawa da shi kai tsaye. Sorkawan ƙasar Songai, waɗanda ake dangantawa da Sarkawan Kabi da Yawuri, sun shahara da mashin da suke kira zogu, Hausawa kuma su ce zago. Ana ɗaura masa igiya da itace marar nauyi mai yawo a saman ruwa. In an soki dabba ta nutse, itacen ne zai riƙa nuna inda take, kuma jan sa da take yi yana gajiyar da ita, har masunta su cim mata a jirgi. Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin farautar dorina da irin wannan makami a yankin Ayoru na Nijar a farkon shekarun 1950.

Akwai kuma dabarar da masunta a sassa da dama na duniya suka yi tarayya a kanta: kan mashin ya ciru daga ƙota da zarar ya shiga nama, ya rage igiya kaɗai ke haɗa su. Igiya tana lanƙwasa, ƙota kuwa karyewa take. Riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a shagon zamani.

Wani abin lura: a babbar gasar Argungu, wadda ta samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kayan aiki homa ce da gora. Dubban mutane ne ke afkawa Matan Fada lokaci guda, ruwa ya dagule, ba mai ganin ƙafar wani. Ka yi tunanin a ce kowa da mashi a hannu. Masu sana'ar sun san inda mashi ke da amfani da inda ake ajiye shi.

Matsala ta uku: ido yana yaudara

Hausawa na cewa kifi na ganinka, mai jar koma. Kai kuwa da ke tsaye a bakin gaɓa, inda kake ganin kifin ba nan yake ba. Gwada wannan a gida: tsoma cokali a kofin gilashi mai ruwa, za ka ga kamar ya karye a daidai bakin ruwan. Haske ne ke karkata sa'ad da ya fito daga ruwa zuwa iska, saboda gudunsa a ruwa kusan kashi uku cikin huɗu ne na gudunsa a iska. Ƙwaƙwalwarka kuma ta saba ɗauka haske a miƙe yake tafiya.

Sakamakon haka, kifin da ke zurfin mita ɗaya, in ka dube shi daga sama tsaye, zai bayyana kamar yana santimita 75. In daga gefe kake kallo, kuskuren ya ma fi haka. Shi ya sa masunci mai mashi ke auna ƙasa da inda ya ga kifin. Ibn Sahl ya rubuta lissafin wannan karkata a Bagadaza wajen shekarar 984, Snell na ƙasar Holan ya sake gano shi a 1621, amma hannun masunci ya daɗe da sanin abin.

Hanyar kauce wa yaudarar ita ce kai ma ka shiga ruwan. Sai dai a nan wata ta taso: idon ɗan'adam don iska aka yi shi, in ruwa ya taɓa shi kai tsaye komai sai ya zama dishi-dishi. Dole a mayar wa ido da 'yar iskarsa. A 1884 wani masunci a Itoman ta tsibirin Okinawa, Tamagusuku Yasutaro, ya sassaƙa tabarau na itace da gilashi don nutso. A Turai kuma, Guy Gilpatric, Ba'amurke mazaunin gaɓar kudancin Faransa, ya fitar da littafi a 1938 wanda ya yaɗa farautar kifi da tabarau da mashi. Da tabarau kana ganin komai tangaran, illa dai kifin zai yi maka kamar ya fi girmansa da kashi ɗaya cikin uku, kuma kamar ya fi kusa. Sabon shiga yakan harba tun bai isa ba saboda wannan.

Matsala ta huɗu: ruwa yana da nauyi

Ka shiga ruwa, ka ga kifi. To jefa mashin mana! Ba zai je ko'ina ba. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kafin hannunka ya gama lilo kifin ya yi gaba. Ana bukatar abin da zai tara ƙarfi a hankali, ya sake shi farat ɗaya.

Nan roba ta shigo. Ɗanyen danƙo yana narkewa a zafi, ya ƙage a sanyi, sai da Charles Goodyear ya gano dafa shi da farar wuta, ya yi wa dabarar rajista a 1844. Da motoci suka yawaita a ƙarni na 20, tsohon tib ya zama abin tsinta a ko'ina, masunta a tsibiran tekun Fasifik suka ɗaura shi a mashi. Iri uku suka fito daga nan.

Na farko mashin danƙo: sanda mai zoben roba a gindi. Ka saƙala zoben a hannu, ka ja shi gaba ka damƙe sandar, in ka sassauta yatsu ta zabura. Ba ta barin hannunka gaba ɗaya, don haka iyakar isarta kusan tsawonta ne. Na biyu danƙon Hawayi: ɗan bututun itace mai roba, a zura siririn ƙarfe a ciki, a ja shi baya a saki kamar kwari da baka. Ya fi na farko nisa, amma hannu biyu yake ci, kuma ƙarfen tafiya yake yi abinsa. Na uku bindigar kifi mai kunama, wadda Georges Beuchat na birnin Marsai ya fitar da samfurinta mai roba a 1947. A Bahamas doka ta hana wannan bindiga, ta bar masu nutso da biyun farko kawai, don kifi ya samu sararin tsira.

To, wanne za ka zaɓa?

Fara da ruwan, kafin makamin. Gyadi-Gyadi da Tarauni ba su da kogi. Titin Zariya ne zai kai ka wajen madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, Titin Maiduguri kuma ya kai ka kogin Wudil. Akwai kuma madatsar Challawa ta 1992 a wajen Ƙaraye. Bidiyon da ka gani a teku mai haske aka ɗauka, namu ruwan kuwa da damina ja ne wur saboda laka, da rani ne yake ɗan kwantawa. Ƙa'idar ita ce kada makaminka ya kai inda idonka bai kai ba. In ba ka hangen tsinin sandarka da abin da ke bayansa, ranar ba ta nutso ba ce.

Wannan kaɗai ya isa ya fitar da danƙon Hawayi daga lissafin sabon shiga a nan. Ƙarfen da ba shi da igiya, in ka kuskure, ya shige laka ke nan, ko ya sami wanda ba ka gani ba. Mashin danƙo gajere, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, shi ya fi dacewa. Na faiba ya fi araha da jure wahala, na alminiyom ya fi sauƙin nauyi amma yana iya tanƙwarewa.

Sai kai. Mai yatsu uku ya fi kyau da ƙananan kifi irin su karfasa, domin ko saitinka bai cika ba ɗaya zai samu. Mai tsini ɗaya da kunne mai naɗewa na matsakaicin kifi ne, kuma jikan masun Daima ne kai tsaye. Mai ciruwa da igiya, wanda ya fi su tsada, tsohuwar dabarar nan ce ta babban kifi. Bar shi tukuna, ba da giwan ruwa ake koyo ba. Roba kuma ka zaɓi wadda za ka iya riƙewa a ja na ɗan lokaci hannunka bai yi rawa ba, ka riƙa duba ta, don ranar Kano tana tsattsaga roba da wuri. A tabarau kada ka yi ƙwauro: nemi wanda ya rufe har hanci, ya kama fuska ba ya yoyo.

Abin da kuɗi ba ya saye

Akwai haɗarin da ya fi kuskuren saye. Mai nutso da ya riƙe numfashi fiye da kima yana iya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba, musamman in ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse, domin hakan yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya fito. Saboda haka ba a nutso mutum ɗaya: ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana kallonsa. A madatsai akwai tsofaffin tarun da suka maƙale a kututture, sai ka riƙe wuƙa. Ruwan da ke kwance kuma gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne, in ka ga jini a fitsari bayan shiga ruwa, asibiti za ka nufa. Kada ka ja robar a tudu, ko da wasa.

Sannan ruwa yana da masu shi. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, kuma garuruwan masunta suna da Sarkin Ruwa da ke tsara inda ake su da lokacinsa. Mashi yana da wata falala da taru ba shi da ita: kana ganin kifin kafin ka kashe shi, don haka ƙanana da masu ƙwai ba ka da uzurin taɓa su. Je ka gaida Sarkin Ruwa, ka nemi izini, ka tambayi masunta ina rami yake, ina igiyar ruwa ke ja, wane wata ruwa ke washewa. Wannan sani shi ne kayan aikin da ya kamata ka fara mallaka, kuma ba a sayar da shi a intanet.