Yadda Dokar Tsabtace Iska Ta Sa Makanikan Amurka Sauya Kan Inji

A saman kowace silinda ta injin mota akwai wani ɗan gurbi da aka sassaƙa a cikin kan inji, wato abin da makanikanmu ke kira tof-silinda. A cikin wannan gurbi fistan ke matse iska da fetur kafin fulogi ya kunna musu wuta. Idan gurbin ya ƙanƙanta, matsi yakan ƙaru, kuma inji ya fitar da ƙarfi mai yawa daga mai daidai gwargwado. Sai dai fetur yana da iyakar matsin da zai jure. Da zarar an wuce ta, wani sashe nasa yakan fashe da kansa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, har fistan ya huje. Saboda haka tarihin sauya kan inji tarihin fetur ne.

Lokacin da kamfanin Ford ya fito da injinsa mai silinda 8 a 1932, ma'aunin matsinsa 5.5 bisa 1 ne, ƙarfinsa kuma doki 65. Matasan Kalifoniya masu tsere a busassun tafkunan hamadar Mojave ba su gamsu da haka ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maƙera irin su Vic Edelbrock suka riƙa zuba musu kawunan alminiyam masu ƙaramin gurbi. Abin da ya ba su wannan dama shi ne sinadarin dalma da Thomas Midgley ya gano amfaninsa a 1921, wanda ke hana fetur fashewa kafin lokaci. Da taimakonsa matsi ya yi ta hawa, har injin LT-1 na Chevrolet Corvette ya kai 11 bisa 1 a 1970, da ƙarfin doki 370.

Amma dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma tana kashe na'urar tace hayaƙi. A 1970 majalisar Amurka ta tsaurara dokar tsabtace iska, shugaban General Motors Ed Cole kuma ya umarci a rage matsin injunan kamfanin domin su sha fetur maras dalma. A shekara guda LT-1 ya sauko zuwa 9 bisa 1. Mafi yawan injunan Chevrolet 350 na shekarun 1970 sun fito da gurbi mai cc 76, inda na baya masu ƙarfi suke da 64.

A nan makanikai suka ga ƙofa. Kowace silinda ta wannan inji tana ɗaukar kusan cc 717, don haka rage cc 12 daga gurbin yakan ɗaga matsi daga wajen 8.5 zuwa wajen 9.5, ba tare da an taɓa fistan ba. Sai tsofaffin kawunan shekarun 1960 suka yi daraja a wuraren gwangwan, ko da yake mazaunin bawul ɗinsu yakan cinye idan babu dalma.

A 1996, shekarar da Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motoci, General Motors ya fito da kan Vortec mai cc 64. Siffar gurbinsa tana sa wuta ta ci mai da sauri, don haka yana jure matsi da fetur na yau da kullum. Yana hawa tsohon 350, amma dole a sauya bututun shigar mai, domin ramukan kusoshinsa sun bambanta. Makanikin da zai yi wannan aiki a yau yakan fara da auna gurbi da kaurin gaskit, ya kuma san ingancin man da ake sayarwa a garinsu kafin ya ɗauki sifana.