Farfesa Attahiru Jega: Daga Gonakin Bakolori Zuwa Kujerar Hukumar Zaɓe



Duk sanda aka ambaci Farfesa Attahiru Jega a majalisunmu, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne ranar Talata 31 ga Maris, 2015. A ranar ce tsohon minista Godsday Orubebe ya karɓe makirufo a zauren tattara sakamako da ke Abuja, yana zargin shugaban hukumar zaɓe da son kai. Jega ya zauna shiru har mutumin ya gama, sannan ya amsa masa cikin sanyin murya, aka ci gaba da aiki. Da yawanmu a shaguna da tashoshin mota muka kalli abin, zukata a ɗar-ɗar, don mun san idan ta ɓaci a Abuja, mu da ke zaune nesa da gida muna cikin waɗanda za su fara ji a jikinsu.

Sai dai idan muka tsaya a kan haƙurinsa kawai, mun bar babban darasin a baya. Mutumin ya shafe shekara kusan talatin yana nazarin yadda hukumomi ke aiki da yadda suke lalacewa kafin ya hau wannan kujera, kuma abin da ya karanta shi ya yi ƙoƙarin aikatawa.

An haife shi ranar 11 ga Janairu, 1957 a garin Jega, wanda yanzu ke Jihar Kebbi. Ya yi sakandare a Birnin Kebbi, ya karanta kimiyyar siyasa a Kano, a makarantar da ta zama Jami'ar Bayero. Daga nan ya tafi Jami'ar Northwestern a Amurka, inda ya kammala digirin digirgir a 1985. Binciken da ya yi ba a kan zaɓe ba ne. A kan aikin noman rani na Bakolori ne, kusa da Talata Mafara, inda gwamnati ta gina madatsar ruwa ta karɓe gonakin mutane. Da manoma suka tashi neman diyya, 'yan sanda suka murƙushe su a Afrilun 1980, aka yi asarar rayuka da dama. Tambayar da ke cikin binciken ita ce wadda ta bi shi har girma: me ke faruwa da talaka idan hukumar da aka kafa dominsa ba ta jin tsoron ya tuhume ta?

Da ya dawo koyarwa a Kano, sai gwagwarmaya ta same shi. A 1988 ya gaji Festus Iyayi a shugabancin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya riƙe ta har 1994. Zamanin Janar Babangida ne, lokacin tsarin tsuke bakin aljihu da ya karya darajar naira da albashin malamai. Gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar a 1988, ta sake haramta ta a 1992, shi kansa ya ɗanɗana tsarewa. Duk da haka a 1992 aka cimma yarjejeniyar da ta haifar da asusun harajin ilimi, wanda daga baya ya zama TETFund. Wanda duk ya shiga jami'ar gwamnati a yau zai ga gine-gine masu ɗauke da wannan suna. Ƙarin albashi hauhawar farashi na cinye shi, amma asusun da doka ta kafa ya wuce shekara talatin yana aiki.

A shekarar 2000 ya tace wani littafi da masana da dama suka rubuta a kan yadda matsin tattalin arziki ya sa 'yan Najeriya suka ƙara fakewa da ƙabila da addini da yanki. Wannan batu ba baƙo ba ne a gare mu. Mun san yadda ake tuna wa mutum cewa shi baƙo ne a garin da aka haifi kakansa, musamman idan zaɓe ya matso. Daga 2000 zuwa 2004 ya shugabanci cibiyar binciken dimokuraɗiyya ta Mambayya, a gidan marigayi Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, sannan ya zama shugaban Jami'ar Bayero a 2005.

Zaɓen 2007 ya lalace har shi wanda ya ci, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa a jawabin rantsuwarsa cewa akwai kurakurai. Ya kafa kwamitin gyaran zaɓe mai mutum 22 ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, Jega na cikinsu. Rahoton da suka miƙa a Disambar 2008 ya ba da shawarar a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a bar Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta tantance masu nema. Ya kuma nemi a kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu maguɗi. Gwamnati ba ta karɓi shawarar farko ba. Sai ga shi a Yunin 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa Jega shugaban INEC ta hanyar nan da kwamitinsu ya ce a sauya.

Abin da ya fara taɓawa shi ne rajistar masu zaɓe, domin tun ran gini ran zane. Idan rajista na cike da sunayen bogi, an gama maguɗi tun kafin a buɗe rumfa. A farkon 2011 aka yi sabuwar rajista da na'urar ɗaukar hoto da zanen yatsa a rumfuna kusan dubu 120, aka samu mutum fiye da miliyan 73. Ya sa 'yan bautar ƙasa su riƙe rumfunan zaɓe, ya ɗauko farfesoshi da shugabannin jami'o'i su tattara sakamako, a kan tunanin cewa wanda ke da suna da zai kare ya fi wuyar saye.

Ba a fara da sa'a ba. Ranar 2 ga Afrilu, 2011 an riga an fara zaɓen 'yan majalisa a wasu wurare sai ya fito ya dakatar da shi saboda takardun sakamako ba su iso ba, ya kuma ɗauki laifin a kansa. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu rikici ya ɓarke a jihohin Arewa da dama. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 sun mutu, cikinsu har da 'yan bautar ƙasa a Bauchi. A Nuwambar 2013 kuma zaɓen gwamnan Anambra ya sami tangarɗar da shi da kansa ya amsa, har sai da aka yi zaɓen cike gurbi. Ba daidai ba ne mu ba da tarihinsa mu tsallake waɗannan.

Daga waɗannan kurakurai aka fito da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi. An tace rajistar aka cire masu suna biyu, ta koma kusan miliyan 68.8. A zamaninsa ne kuma, ranar 31 ga Yuli, 2013, hukumar ta yi wa APC rajista bayan haɗewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA. An ɗage zaɓen 2015 daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris bisa dalilin tsaro. Ranar zaɓe na'urar ta ƙi karanta katin Shugaba Jonathan kansa a Otuoke. Duk da haka aka ƙirga: Buhari miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8, karon farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Najeriya. Jega ya sauka a ƙarshen Yunin 2015 bayan wa'adi ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancantar mu tsaya a kai. A farkon 2016, a shari'o'in gwamnoni irin na Ribas, Kotun Ƙoli ta yanke cewa na'urar tantancewa ba ta maye gurbin rajistar takarda ba, saboda ba ta cikin Dokar Zaɓe. Ashe gyaran da ya fi kowane tasiri a 2015 umarnin hukuma ne kawai, bai da gindin zama a doka. Sai a Dokar Zaɓe ta 2022 na'ura ta samu wannan matsayi.

A jihohi kuwa gyaran bai ma isa ba. Zaɓen ƙananan hukumomi ba ya hannun INEC, yana hannun hukumomin zaɓe na jihohi waɗanda gwamnoni ke naɗawa, kuma a mafi yawan jihohi jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan kowace kujera. Kwamitin Uwais ya nemi a shigar da su cikin tsarin INEC, har yau ba a yi ba. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma su ne masu iko da rumfar kasuwarmu da tasharmu da kwatar unguwarmu, amma zaɓensu ne ya fi kowane rashin mai sa ido.

Mu ma da namu laifin. Kafin zaɓen 2015 mutanenmu da yawa sun rufe shaguna sun tafi gida saboda fargaba, alhali katinsu na rumfar da suka baro ne. Ba su yi zaɓe a can ba, ba su yi a nan ba. Ɗan siyasa kuwa ƙuri'a yake ƙirgawa, unguwar da ba ta fitowa ba ya waiwayarta.

Muna yawan jin ana cewa da za a sake samun irin Jega da an huta. Shi kansa aikinsa na nuna cewa mutumin kirki wa'adinsa shekara biyar ne, abin da aka rubuta a doka ne ke zama. Don haka wanda bai da kati ya yi rajista idan an buɗe, wanda ya sauya gari ya nemi a mayar masa da katinsa inda yake zaune. Idan 'yan majalisa suka zo neman ƙuri'armu, mu tambaye su matsayarsu a kan hukumar hukunta masu maguɗi da kuma zaɓen ƙananan hukumomi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a duk inda muke, Ya sa mu ga gyara da idonmu.