Tsohuwar Kete: Kasuwar da Ruwa ya Cinye

'Yan'uwa 'yan ƙungiya, tunda muna bikin zagayowar shekara, ya dace mu tuna da wani zango da kakanninmu suka raya, wanda yau yake ƙarƙashin Tafkin Volta, wato tsohuwar Kete.

Kafin Kete ta yi suna, Salga ce uwar kasuwannin Gwanja. Fatake kan taso daga Kano, Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da fata, su koma da goron Asante. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan Salga ya karye, goro ya fara neman wasu kasuwanni irin su Kintampo. Kete, zangon Musulmi a gefen garin Karachi, kusa da kogin Volta, ta samu rabonta. Kwale-kwale na kawo gishirin Ada daga bakin teku, ayari kuma na saukowa daga arewa, a haɗu a nan.

A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarakunan Gwanja na Kpembe, Salga ta watse. Masu masauki, dillalai da malamai da yawa suka yi ƙaura zuwa Kete. Cikin malaman da suka zauna can akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin garin, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Ajami. A 1894 Jamusawa suka shigo, suka kashe babban bokan tsafin Dente na Karachi, suka kafa bariki. Wani jami'insu, Adam Mischlich, ya yi karatun Hausa a wurin Alhaji Umaru. A lokacin, faɗuwar Salga ta zama tashin Kete.

Amma abin da ya ɗaukaka ta shi ne ya kayar da ita: hanya. Turawa sun mai da kogin Volta iyaka, Jamus a gabas, Ingila a yamma, kowa da kwastansa. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, na Legas kuma ya isa Kano wajen 1911. Sai goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, daga can a loda shi a jirgin ƙasa. Tafiyar da ke cin watanni a bayan jaki ta koma ta makonni. Da motoci suka zo, babbar hanyar arewa ta bi ta Yeji zuwa Tamale, ta bar Kete a gefe. Ko da Alhaji Umaru ya rasu a 1934, zamanin madugu da ayari ya riga ya wuce.

Ruwa ya zo ne daga baya ya rufe sauran. An fara gina madatsar Akosombo a 1961, tafki ya fara cika a 1964. An tashi mutane kimanin 80,000, aka tsugunar da su a sababbin garuruwa 52. Kete-Karachi ta yau sabon mazauni ne. Filin kasuwar da ake kwance huhun goro a da, yanzu masunta ke jefa taru a kansa.

Wannan labari namu ne. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, da yadda iyakokin ƙasa na Ghana suka zauna a rufe daga Maris 2020 zuwa Maris 2022. Kaya sun kwana a Seme, jari ya narke a Aflao. Mai hanya ɗaya da maigida ɗaya shi ya fi shan wuya. Waɗanda suka tsira daga Salga da Kete sun tsira ne da amana da sanin mutane a garuruwa da yawa, dukiyar da ruwa ba ya ci.

Muna roƙon duk wanda ke da dattijo a Nima ko Mamobi da asalinsa ya bi ta Salga ko Kete, ya kawo mu mu rubuta labarinsa a ofishin ƙungiya tun yana da rai. Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a nemanmu.