Walƙiyar Kyamara da Hoton Mota Cikin Dare

Ma'abota sana'ar hoto sun daɗe da sanin cewa mota tana cikin abubuwa mafiya wuyar ɗauka da dare, domin jikinta fenti ne da gilashi da ƙarfe mai sheƙi, wanda in an watsa masa haske gaba da gaba sai ya mayar da shi cikin idon kyamara, hoto ya fito da farin tabo a ƙofa, sauransa kuwa duhu. Ga kuma wata ƙa'ida ta hisabi wadda ba ta sassauta wa kowa, wato idan nisan abu daga fitila ya ninka biyu, hasken da ke isa gare shi yakan koma rubu'i, har goshin mota ya ƙone da haske alhali bayanta bai sami komai ba.

A shekarar 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa garin magnesiyam da wani sinadari mai rura wuta, suka sami walƙiya mai ƙarfi, sai dai tana tafe da hayaƙi da tartsatsi, abin da mai hankali ba zai so ya kunna kusa da tankin fetur ba. Sauƙi bai samu ba sai a 1929, da aka fitar da ƙwan fitila a Jamus wanda ke ƙone wutarsa cikin gilashi, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar.

Da irin wannan ƙwai Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee, ya yi suna a birnin New York. A 1938 ya sami izinin ajiye rediyon 'yan sanda cikin motarsa, ya mai da but ɗinta ɗakin wanke hoto, ta yadda da zarar an yi haɗari tsakar dare yakan isa wurin tun jama'a ba su watse ba, kafin asuba kuma hoton yana hannun editan jarida. Bai damu da ƙawata mota ba. Muradinsa ƙarfen da ya lanƙwashe da fuskokin 'yan kallo, kuma tsananin farin da wasu ke ɗauka aibi ne shi ya zama alamar aikinsa.

Amma a ganina wanda ya kai maƙura a hikima shi ne O. Winston Link, ko da yake jirgin ƙasa mai tururi ya fita nema. A 1956, a garin Iaeger na jihar West Virginia, ya ɗauki wani filin silima inda mutane ke kallo daga cikin motocinsu, jirgi yana wucewa a gefe, ya jera ƙwayaye 43 a wurare dabam-dabam, ya haɗa su da waya domin su tashi lokaci guda, kowace mota ta sami rabonta na haske ta gefe. Hasken ya shafe abin da ke kan allon silimar, dole daga baya ya ɗora shi daga wani fim a ɗakin wanki, kuma ban ga wannan ya rage masa daraja ba.

Daga nan al'amarin ya koma hannun hukuma, ta hanya mai ban al'ajabi. Maurice Gatsonides, ɗan ƙasar Holan, direban tsere ne wanda ya ci gasar Monte Carlo a 1953, ya kuma ƙera na'urar auna gudu domin ya gyara tuƙinsa a kan kwana; kamfanin da ya kafa a 1958 shi ya wayi gari yana sayar wa 'yan sanda kyamarar kama masu gudu. Wadda aka fara kafawa a titunan Landan a 1992 takan yi walƙiya sau biyu a jere, ta bayan mota don kada ta kashe wa direba ido, sannan a duba fararen layukan da aka shata a kan kwalta a lissafa tazarar da ya ci tsakanin hotunan biyu, su zama hujja a gaban alƙali. Da yawa daga cikin na'urorin yau sun koma amfani da hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, saboda haka direba ba ya sanin an ɗauke shi sai takardar tara ta iske shi a gida.