Sadaf Jaffer: Daga Kujerar Magajin Gari Zuwa Majalisar Jiha

Yau za mu tsallaka teku zuwa ƙasar Amurka, mu ji tarihin wata baiwar Allah mai suna Sadaf Jaffer, yadda ta shiga siyasa da kuma yadda ta fita da ƙafarta.

A birnin Chicago aka haife ta, 'yar baƙi ce Musulmi. Mahaifiyarta haihuwar Pakistan, mahaifinta kuma haihuwar Yaman. Ta yi karatu a jami'ar Georgetown, sannan ta yi digirin digirgir a Harvard. Abin da ya ja hankalina shi ne a kan wa ta yi binciken nata: a kan Ismat Chughtai, wata marubuciyar harshen Urdu 'yar Indiya da ta rasu a 1991, wadda ta shahara da rubuta rayuwar matan da ke zaune a cikin gida. Kun ga ke nan, tun kafin siyasa, zancen irinmu ne a bakinta.

Aiki ya kai ta jami'ar Princeton a jihar New Jersey, ta zauna a wani gari da ke maƙwabtaka, sunansa Montgomery. Garin ma'aikata ne, na 'yan fita da safe su dawo da yamma, mutanensa ba su kai 25,000 ba. To, bari in ɗan tsaya a nan, don tsarin mulkinsu ya bambanta da namu. Mu a nan, shugaban ƙaramar hukuma daban ake zaɓensa, kansiloli daban. Su kuwa kwamiti ne na mutum 5 jama'a ke zaɓa, sai su biyar ɗin su ɗauki ɗaya daga cikinsu ya zama magajin gari na shekara guda tak. Babu jiniya, babu jerin gwanon motoci. Aikin shi ne hanya, da 'yan sandan gari, da lafiyar jama'a, da kasafin kuɗi, da sauraron ƙorafin wanda ruwa ya ci masa ƙofar gida.

An zaɓe ta cikin wannan kwamiti a 2017 ƙarƙashin jam'iyyar Democrat. A watan Janairun 2019 abokan aikinta suka ɗora ta a kujerar magajin gari, suka kuma sake ba ta a 2020. Ita ce mace ta farko 'yar asalin kudancin Asiya da ta riƙe wannan muƙami a jihar, jaridu da dama kuma suka ce ita ce Musulma ta farko da ta riƙe shi a duk faɗin Amurka.

Amma uwargida, kar ki ɗauka guɗa kawai aka yi ta yi. Akwai lokacin da wasu suka ajiye naman alade a kan motar wasu iyali Musulmi a garin, don cin fuska. Ta san kamun mai laifi aikin 'yan sanda ne, amma gyaran zukata ba aikinsu ba ne. Sai ta kafa wani zaure na tattaunawa, Montgomery Mosaic, inda maƙwabta masu addinai da launin fata daban-daban ke zama su faɗi abin da ke ransu ido da ido. A ganina wannan ya fi duk wani kambun "ta farko" da aka ɗora mata nauyi. Shekararta ta biyu kuwa, annobar korona ce ta cinye ta.

A watan Nuwamban 2021 ta tsaya takarar majalisar dokokin jiha daga mazaɓa ta 16, ta ci. Majalisar wakilan jihar kujeru 80 ce, kowace mazaɓa na tura mutum biyu, wa'adin shekara biyu. Aka rantsar da ita a Janairun 2022 tare da Shama Haider, su biyun suka zama Musulmi na farko da suka taɓa zama a majalisar New Jersey, kuma dukansu mata.

Shekara guda kacal bayan haka, a farkon 2023, ta ba da sanarwar ba za ta sake tsayawa ba. Ba kayar da ita aka yi ba. Ta kawo batun iyalinta da ƙaramar 'yarta, ta kuma fito fili ta yi magana a kan zagi da tsangwamar da ta sha, musamman ta intanet, saboda addininta da kuma kasancewarta mace. Ku duba fa, mace mai digirin Harvard, a ƙasar da ke tinƙaho da 'yancin mata. Wasu za su ce ai da ta daure, tunda ta buɗe wa na baya ƙofa. Ni dai ba zan ga laifin uwar da ta auna kujera da kwanciyar hankalin ɗiyarta ba.

Wa'adinta ya ƙare a Janairun 2024, wata mace, Mitchelle Drulis, ta gaje ta. A wannan watan ne kuma kwamitin Montgomery ya zaɓi Neena Singh, mabiyar addinin Sikh, ta zama magajin gari.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.