Yadda binciken likita guda ya kashe mujallun ban tsoro a Amurka

A ce an gaya maka an binciki yaran da aka kama da laifi, sai aka tarar kusan dukkansu suna karanta wani irin littafi. Me za ka ce? Da yawanmu za mu ce to ai magana ta ƙare, littafin ne ya lalata su. Riƙe wannan amsar tukuna, domin a kan irinta ne aka durƙusar da wata babbar sana'a a Amurka a 1954.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, babu abin da yaran Amurka ke karantawa kamar mujallun zane, waɗanda ake ba da labari a cikinsu da hotuna jere da juna. Santi 10 ake sayar da guda, kuma ana buga miliyoyi duk wata. Daga 1950, kamfanin EC na William Gaines ya yi fice da na ban tsoro, irin su Tales from the Crypt da The Vault of Horror: gawa ta tashi ɗaukar fansa, miji ya kashe matarsa, jini ko'ina. Dama tun kafin nan iyaye da malamai sun fara ƙorafi. A 1948 an tara mujallun zane an cinna musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton a jihar New York.

Wanda ya sa wa ƙorafin rigar kimiyya shi ne Fredric Wertham, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Jamus. Kada ka ɗauka mugun mutum ne fa. Shi ya buɗe asibitin Lafargue a unguwar Harlem a 1946 don baƙaƙen fata da talakawa su samu kulawa, kuma ya ba da shaida a kotu kan illar raba makarantun farare da baƙaƙe. A 1954 ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, inda ya ce mujallun zane na cikin abubuwan da ke jefa yara cikin ta'asa.

A watan Afrilun shekarar, wani kwamitin Majalisar Dattawa mai binciken laifukan yara ya zauna a New York. Wertham ya yi bayani, Gaines ma ya zo kare kansa. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wata mujallar EC mai hoton wani mutum riƙe da gatari da yankakken kan mace, ya tambaye shi ko wannan ya dace. Gaines ya ce a mujallar ban tsoro ya dace. Jaridu suka yi ta yayata wannan amsa.

Majalisar ba ta kafa wata doka ba. Masu buga mujallun ne da kansu, don gudun kada gwamnati ta riga su, suka kafa hukumar tacewa mai suna Comics Code Authority a ƙarshen 1954. Ta hana sa kalmomin da ke nufin tsoro da firgici a sunan mujalla, ta hana zana masu shan jini da masu rikiɗa da gawawwaki masu tafiya, ta ce dole mai laifi ya ga sakayya. Mujallar da ba ta da tambarin hukumar, dillalai da yawa ba sa ɗauka. EC ya rufe mujallunsa na ban tsoro, kamfanoni da dama suka mutu, masu zane suka rasa abin yi. Birtaniya kuwa doka ta yi a 1955.

Almakashin bai tsaya kan jini kaɗai ba. Shugaban hukumar, Charles Murphy, ya nemi a sauya wani labarin EC mai sukar wariyar launin fata, saboda jarumin ɗan sama jannati baƙar fata ne. Gaines ya ƙi, labarin ya fito a 1956. A 1971 ma hukumar ta ƙi ba da tambari ga labarin Spider-Man da ke gargaɗi kan shan ƙwaya, duk da cewa wata ma'aikatar gwamnati ce ta roƙi a rubuta shi. Marvel ya buga abinsa haka nan.

Yanzu mu koma tambayarmu ta farko. Su waye Wertham ya bincika? Akasari yaran da aka riga aka kawo asibiti ko gaban kotu da matsala. A lokacin kuwa kusan kowane yaro na karanta mujallun, har da miliyoyin da ba su taɓa ganin ofishin 'yan sanda ba. Ka ga da an tambayi masu laifin ko suna shan madara, su ma e za su ce. Kafin a ce abu kaza ne sanadi, sai an kwatanta masu yinsa da marasa yinsa. Wertham bai yi hakan ba.

Akwai wadda ta fi wannan. A 2010 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe takardun Wertham ga masu bincike. Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a 2012 ta wallafa abin da ta gano: ya sauya shekarun wasu yara, ya haɗa maganganun yara daban-daban kamar na mutum guda, ya kuma ɓoye wasu matsalolin gida da za su iya bayyana halin yaran. Lokacin, hukumar tacewar ta riga ta mutu a 2011, bayan shekara fiye da 50 tana aiki.

Wannan ba ya nufin iyayen sun yi wauta. Wasu hotunan ba na yaro ba ne, kuma haƙƙinka ne ka duba abin da ɗanka ke kallo. Amma "wannan bai dace da yaro ba" daban, "wannan ne ke mai da yara masu laifi" daban. Ta farko tarbiyya ce, ta biyu sai da hujja. Don haka duk ranar da ka ji an ce bincike ya nuna fim ko wasan waya na lalata yara, tambaya uku za ka yi: su wa aka bincika, da su wa aka kwatanta su, kuma wa ya duba bayanan ban da mai binciken?