Harajin riƙewa kan kuɗin haya

Harajin riƙewa kan kuɗin haya wani kaso ne da ɗan haya yake cirewa daga kuɗin gida, shago, sito ko fili kafin ya biya mai dukiyar, sannan ya miƙa shi ga hukumar haraji a madadinsa. Manufarsa ita ce gwamnati ta karɓi haƙƙinta tun daga tushe, musamman daga masu dukiyar da ke zaune a ƙasashen waje, waɗanda bin su bashin haraji yake da wuya.

A Najeriya

Ana cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar. Idan kamfani ya kama hayar sito kan naira 1,000,000 a shekara, zai ba mai shi 900,000, ya kai 100,000 ga hukuma. Ga mazaunin Najeriya wannan kamar kafin alƙalami ne, domin ana rage shi daga harajinsa na shekara. Abin da aka cire wa mutum mazaunin jiha yana zuwa hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune, na kamfanoni da na mazauna ƙetare kuwa yana zuwa hukumar tarayya. Ita ce FIRS, wadda dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 suka maye gurbinta da NRS.

Alhakin cirewar yana kan kamfanoni, ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi, ba kan ɗaiɗaikun mutane ba. Saboda haka manomin da ya karɓi hayar gona daga maƙwabcinsa a yankin madatsar ruwan Watari da ke Ƙaramar Hukumar Bagwai ba ya cire komai. Amma kamfanin da ya kama fili ko rumbun ajiya a can wajibi ne ya cire, kuma rashin yin hakan yana jawo tara.

A wasu ƙasashe

A Amurka ana riƙe kashi 30 cikin 100 na jimillar hayar da baƙo mazaunin waje ya samu, har da hayar gidajen hutu na karɓa-karɓa, inda kowane mai hannun jari yake da makonsa a shekara. Mai gidan yana iya zaɓar a ɗauki hayar a matsayin kasuwanci, sai a caje shi kan ribar da ta rage bayan fitar da ɗawainiya. A Birtaniya dillalin gida ko ɗan haya yana cire kashi 20, sai in mai gidan ya samu izinin karɓar kuɗinsa cif.